Babi na Biyar: Sarakuna Huɗu, Suna Ɗaya

Daga shekarar 1180 zuwa 1247 sarakuna huɗu ne suka mulki Ingila: Henri na biyu, da 'ya'yansa Ricad da Jon, sai jikansa Henri na uku. A cikin waɗannan shekaru 67 an buga miliyoyin kwabon azurfa, amma duk wanda mutum ya ɗauka, suna ɗaya zai gani a fuskarsa: HENRICVS REX, wato Sarki Henri. Ricad ya yi shekara 10 a kan gado, Jon ya yi 17, babu ɗayansu da sunansa ya hau kuɗin Ingila. Shekarar bugu ma ba a rubuta ta. Duk da haka, masanin tsoffin kuɗi yana iya ɗaukar ɗaya daga cikinsu, ya juya shi sau biyu a tafin hannu, ya ce wannan a Landan aka buga shi wajen 1205, zamanin Sarki Jon. Ba duba yake yi ba. Ilimi ne da aka tara shi sannu a hankali, mai ƙa'ida da hujja, kuma duk mai haƙuri yana iya koyonsa.

Kwabon da muke magana a kansa kakan wanda dattawanmu suka sani ne. Lissafin kwabo 12 sule ɗaya, sule 20 fam ɗaya, wanda Nijeriya ta yi amfani da shi har zuwa 1973, daga can ya samo asali. Sai dai a wancan zamani fam da sule lissafin baki ne kawai, ba a buga su. Kuɗin da ke yawo a hannun jama'a kwabo ne, na azurfa, siriri kamar ganye, faɗinsa bai kai santimita 2 ba, nauyinsa wajen giram 1.4. Ba kuma ƙaramin kuɗi ba ne, domin kwabo ɗaya ko biyu shi ne ladan yinin lebura.

Yadda ake bugu

Wanda bai san yadda aka yi abu ba, da wuya ya iya karanta shi. Maƙerin kuɗi yana aiki ne da hatimi biyu na ƙarfe. Na ƙasa yana da tsini da ake kafawa a kututture, shi ke ɗauke da fuskar sarki. Na sama a hannu ake riƙe shi, shi ke ɗauke da zanen bayan kwabo. Sai a fyaɗa azurfa ta yi falle, a yanko ta zagaye, a ɗora tsakanin hatiman biyu, a sauke guduma. Haka aka yi ta yi a Ingila har 1662, lokacin da injin ya karɓi aikin baki ɗaya.

Wannan hanya ta bar alamu uku da mai nazari ke dogara da su. Ta farko, babu kwabo biyu da suka fito daidai wa daida. Wani zanen ya karkace gefe, wani hatimi ya yi tsalle ya bugu sau biyu, wani rabin rubutunsa bai fito ba. Ta biyu, hatimin sama shi ke shan guduma, don haka ya fi saurin lalacewa, ana canza shi hatimin ƙasa yana nan. Idan aka sami kwabo biyu masu fuska daga hatimi ɗaya amma bayansu daban, an san a maƙera ɗaya aka buga su, a lokaci kusan ɗaya. Ta uku ita ce mafi muhimmanci. Ba sassaƙa hatimi ake yi da hannu tun daga farko har ƙarshe ba. Akwai 'yan ƙarafa masu siffa a bakinsu, wannan ɗigo, wannan jinjirin wata, wannan tsayayyen layi, da su ake harhaɗa haruffa da ido da gemu da kambi. Mafi yawan hatiman a Landan ake yin su a rarraba wa sauran garuruwa. Idan ƙarfe ɗaya ya tsage ko aka sauya shi, ko sabon ma'aikaci ya zo da nasa salon, sai alamar ta bayyana a kuɗin ƙasar gaba ɗaya. Kamar yadda alaramma zai dubi warƙa ya ce wannan hannun Barno ne, wancan na Kano, daga yadda aka ja wutsiyar harafi, haka masanin kuɗi ke gane hannun mai yin hatimi.

Dirhami mai faɗin asalinsa

Za a fi ganin wahalar kwabon Ingila idan aka ajiye shi kusa da dirhamin Musulunci. Tun gyaran da Halifa Abdulmalik ɗan Marwan ya yi, wanda ya fitar da sabon dirhami a shekara ta 79 bayan Hijira, kuɗin azurfar Musulmi ya zama rubutu zalla, babu hoton kowa. Nauyinsa ya kusa giram 3, wato ninkin kwabo. A da'irar gefensa an rubuta garin da aka buga shi da shekarar bugu cikin kalmomi. Wanda ya iya karanta rubutun Kufi, dirhamin da kansa zai gaya masa ko daga Wasiɗ yake, ko Dimashƙa, ko Samarƙand, da kuma shekarar.

Amma ko rubutacciyar shekara tana bukatar lura. A gidan tarihi na Birtaniya akwai dinarin zinariya da Sarki Offa na Marsiya a Ingila, wanda ya yi mulki daga 757 zuwa 796, ya sa aka buga. An kwafe shi ne daga dinarin Halifa Mansur na shekara ta 157 bayan Hijira, har da shekarar, sannan aka cusa OFFA REX a tsakiya, a kife idan aka bi tsayuwar Larabcin. Shekarar da ke jikinsa ta dinarin da aka kwafa ce. Darasi na farko ke nan a wannan fanni: abin da aka rubuta a jikin kuɗi shaida ce guda ɗaya, sai an nemo mata abokan shaida.

A fara da ma'auni, a bi da baya

Sabon shiga yakan yi gaggawar duba fuskar sarki. Gwani kuwa ma'auni yake fara ɗauka. Nauyin kwabo ya yi ta raguwa da tafiyar zamani: wajen giram 1.4 a ƙarni na 13, ya koma wajen 1.17 a 1351, sai 0.97 a 1412, sai 0.78 a 1464. Da yake Ingila ta yi Henri da Edwad da yawa, kuma fuskokinsu a kan kuɗi duk kusan ɗaya ne, nauyi kaɗai yakan kawar da shekara ɗari daga cikin zato. Sai dai a tuna cewa kwabon da ya sha hannu ko aka datse masa baki ba zai cika nauyinsa ba.

Daga nan sai a juya baya, a dubi gicciye. Idan gicciye ne mai ƙananan gicciye a kusurwoyinsa huɗu, bugun kuma ya yi muni har rubutu ba ya karantuwa, to na 1158 zuwa 1180 ne, wanda ake kira da sunan ƙauyen Tealby inda aka haƙo dubbansa a 1807. Idan gicciyen gajere ne mai layi biyu, ya tsaya cikin da'irar tsakiya, da ɗigo huɗu a kowace kusurwa, to na 1180 zuwa 1247 ne. Idan mai layi biyun ne amma ya miƙe har baki, da ɗigo uku a kowace kusurwa, na 1247 zuwa 1279 ne. Idan kuma dogo ne cikakke mai layi ɗaya, daga 1279 ne zuwa gaba. Kallo ɗaya ya raba zamanin gida huɗu.

Layi biyun nan suna da amfani. Da yake babu ƙaramin kuɗi, mai son canji sai ya sa almakashi ya bi tsakanin layukan, ya raba kwabo biyu ko huɗu. Saboda haka wanda ya sami rabi ko rubu'i mai yankan da ya miƙe, kada ya ɗauka fasasshe ne. Kuɗi ne cikakke a matsayinsa, kuma ana iya gane asalinsa daga 'yan haruffan da suka rage.

Zamanin gajeren gicciye

A bayan kwabon wannan zamani akwai sunan maƙerin da ya buga shi, da kalmar ON, da sunan gari a taƙaice: ABEL ON LVNDE, wato Abel a Landan. Ba don karramawa aka sa sunan ba, don a san wanda za a kama ne idan azurfar ta gaza. Hukuncin kuwa ba na wasa ba ne. A ƙarshen 1124 Henri na ɗaya ya sa aka tara maƙeran kuɗin ƙasar a Wincesta, aka yanke wa waɗanda aka samu da algus hannun dama, aka kuma dandaƙe su. Sunayen garuruwa suna bukatar sabo. CANT Kantabari ce, EVERW Yok ce, NICOLE kuwa Linkon ce, kamar yadda Faransawan Nomandi ke kiranta. NOR yana iya zama Norwich ko Northampton, a nan sai sunan maƙeri ya raba gardama.

An daɗe ana zaton duk waɗannan kuɗi na Henri biyun nan ne kawai, Ricad da Jon ba su buga kome a Ingila ba. A 1865 John Evans, bayan ya yi nazarin dubban kwabon da aka tono a Eccles, ya nuna cewa bugun bai tsaya ba a zamaninsu, sunan ne kawai ba a canza ba. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Fatake a ciki da wajen ƙasa sun yarda da kwabon Henri, babu mai son taɓa abin da kasuwa ta amince da shi. Shi ya sa sunan Ricad ya fito a kuɗin yankunansa na Faransa, na Jon ya fito a na Ailan, amma ban da Ingila. A 1915 L. A. Lawrence ya kasa kuɗin rukuni 8, kuma har yau a kan wannan rabo ake tafiya, sai dai an yi ta ƙara masa rassa.

Ga irin abubuwan da ake dubawa. A rukuni na 1, na Henri na biyu, fuska tana da kyau, gashi ya murɗe, galibi biyu a hagu biyar a dama. Da aka shiga zamanin Ricad aiki ya fara sakwarkwacewa. A rukuni na 4 gemu ya koma ɗigo-ɗigo, gashi ya koma 'yan jinjirin wata, fuskar ta kusa daina kama da ta mutum. Sai kwatsam a rukuni na 5 aiki ya dawo da tsabta, gashi zagaye da ɗigo a tsakiyar kowane murɗi. Wannan ya yi daidai da gyaran kuɗin da takardun gwamnati suka nuna Sarki Jon ya yi a 1205. A cikin rukunin kansa akwai matakai: da fari harafin S a juye yake, daga baya ya daidaita, daga ƙarshe harafin X ya sauya tsayuwa. A rukuni na 7, na Henri na uku, ɗigon da ke raba kalmomi a baya ya ɓace.

Ta yaya aka san wane ya riga wane? Hanya ɗaya ita ce kwabon da fuskarsa ta wani rukuni ce, bayansa na wani, domin maƙeri ya haɗa tsohon hatimi da sabo. Masana suna kiransa alfadari, kuma shi ke tabbatar da cewa rukunan biyu maƙwabtan juna ne. Hanya ta biyu takardu. Ricad ya ba bishop na Lichfield izinin buga kuɗi a 1189, ga kuma kwabon Lichfield ya fito da siffar rukuni na 2, sai rukunin ya sami turke. Haka ake bin sunayen maƙera a littattafan baitulmali, a ga shekarar da wane ya kama aiki da shekarar da ya bari.

Dogon gicciye da masu datse baki

Babbar cutar kuɗin azurfa ita ce datsar baki. Mutum ya rage ɗan gefe daga kowane kwabon da ya ratsa hannunsa, ya tara ya narke. Kafin 1247 abin ya yi yawa har kuɗin ƙasar ya rasa daraja. Sai Henri na uku, da jarin ɗan'uwansa Ricad na Konwal, ya janye tsohon kuɗi ya buga sabo mai gicciyen da ya kai baki, don a gane wanda aka taɓa. A wannan karo ya sa TERCI ko III bayan sunansa, wato na uku. Mai rarrabewa yana fara tambaya ɗaya: sarki yana riƙe da sandar mulki ko ba ya riƙe? Rukuni na 1 zuwa na 3 babu sanda, daga na 4 zuwa na 7 akwai. Tsohon hali kuma bai tafi ba, domin bayan rasuwar Henri a 1272 an ci gaba da buga sunansa shekara 7 a mulkin ɗansa.

Edwad uku, fuska ɗaya

A 1279 Edwad na ɗaya ya kawo sabon tsari wanda ya zauna shekara 200 ba tare da babban sauyi ba. Sarki ya fito ba gemu, da kambi mai furanni. An cire sunan maƙeri, in ban da Robert de Hadeleie na garin Bury St Edmunds da ya ɗan ci gaba da sa nasa. Sunan gari kaɗai ya rage: CIVITAS LONDON, CIVITAS CANTOR, CIVITAS EBORACI na Yok, VILLA BRISTOLLIE. An kuma fara buga rabin kwabo da rubu'i zagayayyu, yanka da almakashi ya zama tarihi.

Matsalar a nan ita ce Edwad uku ne suka biyo juna daga 1272 zuwa 1377, babu mai lamba a kuɗinsa. 'Yan'uwa biyu, Earle Fox da Shirley Fox, su suka warware wannan a farkon ƙarni na 20, suka kasa kuɗin rukuni 15. Babbar alamarsu kambi ce. A rukunan farko furen da ke kowane gefen kambi ganye uku gare shi, daga wajen 1300 ya koma ganye biyu. Sunan sarki ma ya yi ta tsawo, daga EDW zuwa EDWA da EDWAR. Wani rukuni yana da fure a ƙirjin sarki, wani tauraro. Kuɗin Daram ya fi sauƙi, domin bishop-bishop na garin suna da ikon bugu kuma kowa yana sa tambarinsa: Antony Bek gicciye mai lanƙwasassun baki, Kellawe sandar bishop, Beaumont zaki. Tun da an san shekarun kowannensu, sai tambarin ya zama kalanda ga sauran garuruwa. Abin lura, rukuni na 10 ya fara a zamanin Edwad na ɗaya ya ƙare a na biyu. Mutuwar sarki ba ta sa maƙera sun ajiye hatimi ba.

Kama da wane ba ta wane

Kyawun azurfar Ingila, kashi 92.5 cikin ɗari, ya jawo mata masu kwaikwayo. Sarakunan ƙananan ƙasashen da ke yankin Beljiyam da Holan da Lukzambag na yau sun buga nasu mai kama da na Edwad, sau da yawa da azurfa mai rauni, aka yi ta shigo da shi ta hannun masu sayen ulu. A wasu kan sarki ba kambi, a wasu rawanin furanni ne, amma wasu sai an karanta rubutu harafi bayan harafi kafin a ga sunan wani sarki da wani gari. Edwad na ɗaya ya hana su yawo a 1299 da 1300. Waɗannan ba abin yarwa ba ne a yau, tarihi ne su ma, kuma suna da nasu rabe-raben.

Jabun zamani daban ne. Galibi zuba shi ake yi a mazubi, don haka haruffansa ba su da kaifi, jikinsa yana da 'yan ƙuraje, wani lokaci da layin haɗi a gefe. Idan kuma aka ga guda biyu da suka yi daidai a kome, har karkacewa da tsagewar baki, to aƙalla ɗaya ƙarya ne, domin guduma ba ta maimaita kanta.

Abin da ƙasa ta ɓoye

Duk wannan ilimi a kan binnanniyar dukiya aka gina shi, irin wadda malaman fiƙihu ke kira rikazi. A Colchester an haƙo kwabo kusan dubu 11 na gajeren gicciye a 1902, aka sake samun fiye da dubu 14 na dogon gicciye a 1969. A Burasal, a 1908, masu rushe wani gida sun ci karo da tsaba wajen dubu 150, fiye da rabi na Ingila. Tarin da aka samu a Cuerdale a 1840, wanda aka binne a farkon ƙarni na 10, har da dirhamin Musulunci a ciki. A tsibirin Gotland na Suwidin kuwa, a 1999, an tono tsaba fiye da dubu 14, kusan dukkansu dirhami ne. Ƙa'idar karanta irin wannan tari ɗaya ce: ba a binne shi ba sai bayan an buga mafi sabunta a cikinsa. Rukunin da ya fito fes bai sha hannu ba shi ne na kusa da ranar binnewa, wanda ya goge shi ne tsoho. Tari goma idan aka jera su, sai tsarin rukunai ya fito da kansa.

Shi ya sa watsa irin wannan dukiya a kasuwa kafin a rubuta ta babbar asara ce. Kwabo ɗaya da aka san inda aka same shi da abokan kwanciyarsa ya fi goma da ba a san asalinsu ba. A Ingila dokar 1996 ta wajabta wa wanda ya sami tsabar azurfa ko zinariya biyu ko fiye a wuri ɗaya, masu shekara sama da 300, ya sanar da hukuma cikin kwana 14. Akwai kuma tsarin rajistar abin da jama'a suka tsinta ɗaya-ɗaya, wanda aka fara a 1997.

Mai karatu, idan irin wannan tsaba ta zo hannunka, ko ta Turai ce ko dirhami, kada ka goge ta da toka ko yashi ko wani magani, domin ɗigon da za ka kankare yana iya zama shi ne shekararta. Ka riƙe ta ta gefe. Ka auna nauyi da faɗi ka rubuta. Ka ɗauki hoton fuska da baya da hasken da ya zo daga gefe. Ka karanta haruffan da kake gani kawai, inda ya goge ka bar gurbi, kada ka cike da zato. Ka rubuta inda aka same ta da wanda ta fito daga hannunsa. Bayan haka ne za ka buɗe littafin masana, irin na J. J. North a kan kuɗin guduma na Ingila, ka gwada da hotuna. Idan shaidu uku suka haɗu, nauyi da gicciye da hannun mai hatimi, ka yanke hukunci. Idan suka saɓa, ka dakata ka nemi wanda ya fi ka sani.